Ni Ce Bakin Yaya

Ku da kuka cika min waya da "ina labarin tafiya?", ku yi haƙuri, ga ni. Ba jan aji nake yi ba. Wallahi tun ranar Asabar idan na ɗauki waya zan rubuta muku sai yatsuna su ƙi, kuma ni yatsuna ba su saba ƙi ba, don da su nake rabin maganata.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: ni ce auta a gidanmu, kuma yayana kurma ne. Zazzaɓi ne ya tafi da jinsa tun kafin a haife ni. Ya yi 'yan shekaru a makarantar kurame, ni kuma tun ina 'yar mitsitsiya nake maƙale da shi zuwa wurin abokansa, har maganar hannu ta zauna min kafin in iya ɗaura ɗankwali. Duk gidan ni kaɗai na iya. Umma tana da 'yan alamunta na ci, na wanka, na "tashi ka tafi shago". Baba kuwa ɗaga murya yake yi, sai ka ce idan ya ƙara ƙarfi kunnen zai ji kunya ya buɗe. Da magana ta wuce nan sai ka ji, "Ina Auta?" Asibiti ni ce, shagonsa na ɗinkin kushin idan mai kujera ya zo da rigima ni ce. Har zance na taɓa raka shi, na zauna a tsakiya ina gaya wa 'yar mutane idanunta sun yi min kyau.

Watan jiya makarantarmu ta tura ni taron matasa kan shugabanci. Babban zaure ne mai sanyi kamar cikin firij, kowa da kati rataye a wuya, matasa daga ƙasashe daban-daban, kowa yana neman makirufo. Ni ma na je da bakina, don a tunanina shugaba shi ne wanda ya fi kowa iya magana a madadin mutane. A rana ta biyu wata malama ta hau mumbari, mai farin gilashi da baƙar doguwar riga, sai na ga kurma ce, da tafintanta a gefe. Ana tashi shan shayi na ruga wurinta don in burge ta, na fara zuba mata hannu.

"A ina kika koya?" ta tambaye ni.

"Wurin yayana. Ni ce bakinsa a gida."

"Idan babanku ya yi masa faɗa, me kike gaya masa?"

Na yi dariya. "Sai in ce Baba ya ce ya riƙa kula."

"Idan shi ya yi fushi fa?"

"Sai in ce ya ce to."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta kama hannayena biyu ta sauke su, sannan ta ce, "To ke ba tafinta ba ce, labule ce. Shekara nawa uba da ɗa suna magana da ke, kowa yana zaton da ɗan uwansa yake yi?" Ta ce aikin tafinta ɗaya ne, ya faɗi abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari, idan mai magana ya ce "ni" shi ma ya ce "ni", ko da maganar za ta ƙona shi.

Jama'a, banɗaki na shiga na yi kuka har kwallina ya wanke. Na zo taro in koyi hawa mumbari, ga shi an wanke ni tas a gaban tiren biskit.

Amma ita ɗin ce ta ba da sunana. A ranar rufewa aka zaɓi waɗanda za su tafi aikin sa-kai na wata shida a wata ƙasa da ambaliya ta raba mutane da gidajensu. A sansanin akwai yara kurame da ba mai iya ce musu ko sannu, ana son waɗanda za su zauna da su, su koya wa iyayensu magana da su. Aka ce mu ba da amsa zuwa Litinin ɗin nan mai zuwa. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Umma ce ta fara sauko da ni. Tana ninke kayan wanki ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ki tafi yi wa 'ya'yan wasu baki, na gida kuma wa zai yi masa?"

Sai kuma Ɗan Banki. Haka duk gidan ke kiransa, har Baba. Kun san shi, mai turaren da ke riga shi shigowa, mai rigar da ko ƙuda ba ya iya zama a kan karin gugarta. Manyansa sun riga sun zo wurin Baba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. Shi ne ya kai ni filin jirgi ranar tafiya taron, ya cusa min caja da maganin mura a jaka. Na tura masa albishir, sai ga amsa:

"Ma sha Allah, shugabata. Wata shida fa?"

"Kamar gobe ne."

"A wurinki."

Bayan ɗan lokaci ya ƙara: "Yaya fa? Kin yi tunaninsa?"

Kowa ya koma tunanin Yaya a makon nan, amma ba wanda ya taka zuwa shagonsa ya tambaye shi. Aƙalla haka na zata.

Baba ne ya yanke. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar a zauna, a kira Ɗan Banki tunda shi ma maganar ta shafe shi. "A tambayi yayanki. Idan ya ce zai iya zama ba ke, na yarda ki tafi. Idan ya ce a'a, magana ta mutu, kada in ƙara jin ta." Na ce to. Na kuma yi wa kaina alkawari ba zan roƙi Yaya ba, ba zan kitsa masa komai ba. Na gaya masa abin da ake ciki, na bar shi. Abin da ya dame ni shi ne tun tsakiyar mako ya daina kallona. Ku da kuke ji ba za ku gane ba, amma idan kurma ya kau da ido daga kanka, toshe kunne ya yi.

Ranar Asabar na sa doguwar rigata ruwan toka mai dogon hannu, na yafa baƙin mayafi na soke shi da allura don kada ya riƙa sauka yana rufe min hannu. Ko agogo ban ɗaura ba. Falonmu kun san shi: kujerun da Yaya ya sake wa riga da ruwan ƙasa, fankar sama mai ƙara kamar tana ƙorafi, kabad ɗin Umma na tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Baba yana kan kujerarsa ta kusa da taga. Umma ta ajiye lemo da kofuna ta zauna a bakin ƙofa. Ɗan Banki ya zo da farar riga da ledar tuffa, ya durƙusa ya gaida Baba har ƙasa. Yaya ya shigo ƙarshe, da zare a jikin wandonsa, ya zauna nesa da kowa.

Na tsaya kusa da Baba inda Yaya zai gan mu tare.

"Baba, yau duk abin da aka faɗa a ɗakin nan zan faɗa, ba ragi. Idan kuka ji na ce 'ni', Yaya ne ke magana."

Baba ya kalle ni ta saman gilashi. "Da can ragi kike yi?"

"Ina yi, Baba."

"Sabon salo. To tambaye shi, zai iya zama ba ke?"

Kafin in sauke hannu Umma ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ina zai iya, mutumin da ko kemis ba ya zuwa shi kaɗai." Na juya maganar zuwa hannu kamar yadda ta fito.

"Ke!" Umma ta dafe ƙirji. "Har wannan?"

Yaya ya dubi Umma ya daɗe, sannan ya ɗaga hannu, ni kuma na buɗe baki.

"Ina zuwa kemis ni kaɗai, Umma. Man shafawar ƙafarki ni nake sayowa. Hoton kwalin nake nuna musu."

Umma ta sunkuyar da kai tana gyara kofunan da ba su karkace ba. Ni har na fara jin daɗi, na ce a raina yau dai za a san Yaya. Ashe ni ce ban san komai ba.

"Kafin in amsa," na ji bakina yana faɗa, "akwai maganar wannan." Yaya ya nuna Ɗan Banki da yatsa. "Ranar Talata ya zo shagona."

Ku gane, tafinta ba ya sanin ƙarshen magana, bin hannun yake yi kalma bayan kalma. Tare da kowa nake jin labarin, bambancin kawai daga bakina yake fitowa.

"Ya nuna min hoton keken ɗinki a wayarsa, babba irin na kamfani, mai cin leda mai kauri. Ya nuna kansa, ya nuna ni, wato zai saya min. Sannan ya rubuta a wayar da manyan baƙaƙe, ya nuna min: ka ce kada ta…"

Nan na tsaya, na sunkuyar da kai. Yaya ya buga ƙafa a ƙasa, yadda yake yi idan yana son in dube shi. Idonsa ya yi ja. Ya ce, faɗi.

"Ka ce kada ta tafi. Da na karanta sai ya goge."

Ban yarda na kalli Ɗan Banki ba, don na san ina kallonsa hannuna zai mutu.

"Na ɗaga masa kai," Yaya ya ci gaba, ni ina bin sa hawaye na zuba min. "Na ce to. Ina son keken nan, nawa karya allura yake yi kullum. Kuma ina tsoron tafiyarta, wannan ba ƙarya ba ne. Idan ta tafi ba ni da wanda zan yi hira da shi a gidan nan. Amma tun ranar na kasa kallonta. A bar ta ta tafi. Yaran can ba su da kowa. Ni ina da uwa da uba, sai dai ba su san ni ba."

Umma ta fashe da kuka. Baba bai motsa ba, ya dai juya a hankali ya dubi Ɗan Banki.

Wallahi da ya rikice, da ya yi in'ina, da na ji tausayinsa. Sai ya gyara zama, ya yi ɗan murmushin da yake yi wa masu zuwa neman rance.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Na je shagon, gaskiya ne. Keke kuma na yi niyyar saya masa tsakani da Allah, ai ɗan uwana ne. Sauran maganar ban san daga ina ta fito ba. Ni ba na jin yaren nan. Kai ba ka ji, Umma ba ta ji. Mutum ɗaya ke ji a ɗakin nan, kuma ita ce mai son tafiya."

Kun san abin da ya fi ci min rai? Sai da na fassara wa Yaya wannan ma. Na tsaya da hannuna ina gaya masa cewa ni maƙaryaciya ce. Yaya ya miƙe zumbur, kofi ya kife, ya fizgi biro daga aljihunsa yana neman abin rubutu.

"Ko ya rubuta, Baba," in ji Ɗan Banki a hankali, "ai gida ɗaya suka kwana."

Baba ya cire gilashinsa. Ni ya kalla, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba.

"Auta, da bakinki kika ce da can kina ragewa. Ta ina zan san yau ba ki ƙara ba?"

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Na buɗe baki in rantse, sai na ga rantsuwar ma daga bakin nan ɗaya za ta fito.

"Kowa ya fita," in ji Baba. "Ku bar min shi."

"Baba, wa zai fassara?"

"Na ce kowa."

Umma ta shige kicin da kukanta. Ni da Ɗan Banki muka tsaya a baranda, kusa da igiyar shanya, ƙofar falo ta rufe a bayanmu. Turarensa da nake so, yau ko shaƙarsa ban so ba.

"Ka rubuta ko ba ka rubuta ba?"

Ya duba hagu da dama. Murmushin ya tafi, sai ga fuskar da na sani, a gajiye.

"Kin san abin da mahaifiyata ke gaya min kullum tun da kika dawo? Wai wadda ta ɗanɗana jirgi ba ta dawowa ta zauna. Kin tafi taron 'yan kwanaki kin dawo ban gane ki ba, ina ga wata shida? Tsoro na ji. Don ina son ki na yi."

"To shiga ka gaya wa Baba haka."

"In ce masa na yi ƙarya a gabansa? Ki yi tunani mana. Ki ce hannunsa ya yi sauri kin kuskure fassara, ai ana yi. A rufe maganar, ni ma in bar ki ki tafi."

Ku ji fa. Tafiyar da nake kuka a kanta ce ya miƙo min a tafin hannu. Ba zan yi muku ƙaryar waliyyai ba, zuciyata ta ɗan karkata. Kalma ɗaya ce, in samu jirgi, in samu miji. Sai dai Yaya ne zai koma mutumin da ba a gane maganarsa, bayan yau ne karo na farko da aka ji ta.

"Hannun Yaya bai yi sauri ba," na ce.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki takalmansa ya fita. Ban ji tashin motarsa ba. Wayata ta yi ƙara a aljihu:

"Ina waje. Ki gyara, ko in ɗauka kin zaɓa."

Na mayar da wayar aljihu. Na laɓe jikin taga, inda labule ya ɗan yaye. Na zata zan ji Baba yana ɗaga murya, amma shiru. Ya jawo kujera ya zauna gaban Yaya, gwiwa da gwiwa. Baba da ke tsawata wa unguwa guda, ga shi ya ɗaga hannaye bai san abin da zai yi da su ba. Ya nuna ƙofa, ya yi kamar yana danna waya, ya buɗe tafin hannu alamar tambaya. Yaya ya amsa masa a hankali, yana maimaitawa, kamar mai koya wa yaro. Baba ya girgiza kai bai gane ba, Yaya ya sake. Na ga gumi a wuyan Baba. Na bar tagar don na ji kamar ina leƙen abin da bai kamata in gani ba.

Rana ta yi sanyi kafin ƙofar ta buɗe. Baba ya fito shi kaɗai, ba gilashi, ba takalmi.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wasu na gane, wasu ban gane ba. Amma akwai abu ɗaya da yake ta yi, kuma duk ya yi sai ya nuna ni." Ya ɗaga hannun dama, ya yarfa shi gefe kamar mai korar ƙuda, ya kau da fuska ɗaya ɓangaren. Bai iya sosai ba, amma na gane tun kafin ya gama. "Me ke nan? Kuma ba ragi."

Na so ƙasa ta tsage. Da watan jiya ne, da na ce "Baba yake nufi", in wuce, kuma ba ƙarya na yi ba.

"Sunanka ne, Baba."

"Sunana?"

"Kurame kowa suna sa masa suna da abin da suka fi ganin yana yi. Wannan shi ne abin da kake yi masa idan ya zo maka da magana. Ka kau da kai, ka kaɗa masa hannu ya je ya nemo wani. Tun yana yaro haka yake kiran ka. Ni ma da shi na koya."

Baba ya dubi hannunsa. Ya juya shi ciki da baya, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin tsufa ya sauko wa mutum a tsaye ba sai ranar. Wayata ta sake ƙara a aljihu, shi ma ya ji, ya kalli ƙofar gida.

"Yaron nan yana waje?"

"Yana waje."

"Ce masa ya shigo." Sannan ya ɗaga murya wajen kicin, muryar a dushe. "Ke, miƙo min makullin durowar ɗakina."

Umma ta leƙo da jajayen idanu ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Abu biyu Baba ke ajiya a durowar nan da suka shafe ni, fasfo ɗina da zoben da manyan Ɗan Banki suka kawo. Ya karɓi makullin ya shige ɗaki, bai ce mana ko fasfon zai miƙo min ba, ko zoben zai mayar wa mai shi.